Numfashin Yaya

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce in faɗa miki gaskiyar aikina wurin Yaya. Inna, ni ne numfashinsa. In yana zubo baiti da gudu, ni nake cafe kalmar ƙarshe don ya shaƙi iska. Da can kalma ɗaya ce. Bara ta koma rabin baiti. Yanzu waƙar "Kowa Ya Taka" ɗin da ake ta yayi, kusan duk daga bakina take fita. Shi yana tsalle yana motsa leɓe, jama'a na ihun sunansa. Ban damu ba, wa yake kallon baki a gidan rawa?

Tawul ɗin da yake tari a ciki ne ya dame ni, na ga jini a jiki. Likita ya ce ko ya yi shiru wata uku, ko muryar ta tafi ke nan. Manaja ya ce likita bai san kasuwa ba, mai waƙar casu in ya zauna an manta da shi. Yaya ya ce in na gaya miki, ba ni ba shi. To, ga shi na gaya.

Mun gaji, Inna. Daga mota sai otal, sai fitilu masu kashe ido.

Ki gaida su Gwaggo.
Autanki.

Innata,

Gaisuwa da fatan alheri, ya jikin? Kin ce in lallaɓa shi. Na lallaɓa har bakina ya bushe.

Ranar Asabar muna kan dandali, da aka zo inda zan cafe, sai na sauke makirufo. Ya waigo ya zare mini ido. Na kalli takalmina. Dole ya ja baitin da kansa. Kin san kukan ƙofar kicin ɗinmu? To, haka. Mai kiɗa ya zaci waya ce ta lalace, ya rage sautin kiɗa, sai kowa ya ji muryar. Wata a sahun gaba ta daina rawa, ta riƙe baki.

Manaja ya soke sauran wasannin, ya kira ni munafuki. Wataƙila kafin Yaya ya warke wani ya gaje wurinsa, sababbin mawaƙa kamar fara suke. Na san da haka na yi.

Tun ranar bai ce mini uffan ba. In na kai masa shayi sai ya juya bango. Fushin ya shafi kowa, har wayarsa ya kashe. Na san halinki, Inna, za ki so ki shirya mu. Don Allah kar ki kira shi. Ki bar fushin nan ya cika wata uku.

Ki sa mu a addu'a.
Naki har kullum,
Auta.