Aska da Rabin Gani

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Ciwon kan nan ya sake zuwa. Ina tsakiyar yi wa Alhaji Lado aski a Ƙofar 'Yandaka sai walƙiyar nan ta taso mini a ido, rabin kansa ya ɓace mini. Na ji aska ta shige nama. Kunne ne. Jini har kan babbar riga. Ya shara mini mari, na cakumi wuyansa, da ƙyar aka raba mu. Sannan ciwon ya sauka, ɓari ɗaya, kamar ana buga ƙusa.

Talata, 7 ga Mayu
Amai tun safe. Sadiya ta buɗe taga, na jefe ta da kofi. Matata fa.

Alhamis, 9 ga Mayu
Baba ya ce mugun jini ne, gidan wanzamai ba ya kai ciwon kai asibiti. Ya sa ƙanena Mati ya danne ni, ya tsaga mini gefen goshi, ya kafa ƙaho. Jini ya fita, ciwo ko gezau. Na hankaɗa tsohon ya bugi bango. Allah ya yafe mini.

Laraba, 15 ga Mayu
Asibiti, a ɓoye. Likita ta ce maigiren ne, ciwon ɓarin kai. Walƙiyar kuma aura, gargaɗi ne mai riga ciwon isowa. Kasa jure haske ma da sunansa, wai fotofobiya. Yunwa da rana da ƙarancin barci ke tayar da shi. Ta ba ni ƙwayoyi. Na tambayi ranar warkewa, ta ce lallaɓa shi ake yi.
"Malam Sagiru, in aura ta zo, ka ajiye aska."
Ta san abin kunyar da ke cikin wanzami ya ajiye aska a gaban jama'a kuwa?

Asabar, 25 ga Mayu
Bikin sunan ɗan ƙanwata Nafisa a Kambarawa. Baba ya ce ni zan yi askin, a rufe bakin masu cewa hannuna ya lalace. Aka miƙo jaririn, maɗigarsa tana motsi. Ina jiƙa gashin walƙiyar ta fara, 'yar mitsitsiya. Wallahi da zan iya gamawa.
Na miƙa wa Mati askar. "Amshi, ka yi."
Baba ya tofar da yawu ya fita. Ni na riƙe kan yaron, idona a rufe. Hannun Mati ba laifi.