Makarantar da Ke Bayan Ƙashin Ƙirjina

Litinin, 3 ga Maris
Shugabar makaranta ta kira ni ofis, wai iyaye sun kawo ƙara ina gyangyaɗi a aji. Ni! Shekara goma sha tara ina koyarwa, ko kujera ba na zama. Fatar idona ce ke saukowa da kanta bayan azahar, murya kuma ta shige hanci. Na yi mata bayani, ta ce, "Malama, ki dai riƙa samun hutu." Da ƙyar na haɗiye abin da ya zo bakina.

Alhamis, 6 ga Maris
Da ido ɗaya na ƙarasa darasin lissafi. Yara na ta ƙus-ƙus.

Talata, 11 ga Maris
Likita ya zana mini a takarda. Wai akwai wani ɗan ƙullutu a bayan ƙashin ƙirji, taimos sunansa, a nan sojojin jiki ke koyon bambanta ɗan gida da baƙo. Duk wanda ya ɗaga wa ɗan gida hannu, a ciki ake gamawa da shi, ba ya fitowa. Nawa ya yi sakaci, ya yaye marasa tarbiyya, ga su nan suna tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka. Na ce, "Wato kyauta aka ba su sakamako?" Ya yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba, takaici ne ya ishe ni. Ya ce a cire shi. Na ce ba a haifi mai tsaga mini ƙirji ba.

Asabar, 15 ga Maris
Yaya ta tarar na kasa ɗaga hannu in taje kaina. "Taurin kan nan naki zai kai ki ƙasa." Na ce ba ita ta haife ni ba. Ta yi mini kitson duk da haka, tana ja kamar da gayya.

Laraba, 19 ga Maris
An ba wata malama ajina, wai na wucin gadi. Ta taga na ji tana bari suna amsawa a tare, raggo ya fake da mai ƙoƙari.

Litinin, 24 ga Maris
Jiya loma ta tsaya mini a wuya. Yaya na dukan bayana tana kuka, ita da ko rasuwar Baba ba ta zubar da hawaye a gabana ba.

Na koma asibiti. Ba wai na yarda ba ne, tambaya kawai na je yi: mako nawa bayan tiyata kafin mutum ya koma aji. Ya ce shida, in Allah ya so. Takardar amincewa da tiyatar na kan tebur, biro ya ƙi zama a yatsuna. Yaya ce ta riƙe mini hannu.