Kan Ragon Sunan Abdulwadud

Ƙanwata Zubaidatu,

Assalamu alaikum. Ya yara? Albishirinki! 'Yata Tahani ta sauka, an samu Abdulwadud, har yau bakina bai rufu ba.

Ranar suna ina babbake kan rago a matakalar bene, sai na'urar gano hayaƙin gobara da hukuma ta wajabta ta kama ihu. Maƙwabta suka fito ba takalmi, 'yan kwana-kwana suka same ni riƙe da ƙaho. Mai gidan da muke haya ya ce in na'urar ta sake kuka, mu kwashe kayanmu.

Kada ki damu, lafiya muke. Ki dai sa mu a addu'a, don ƙafafun ragon na nan ba a babbake ba, kuma mai jego farfesunsu take so.

Yayanki Mukhtaru, Makka