Shekara Uku Ba Yankewa

Des Moines, 9 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Wendell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a can filin mai na Dakota. Na zaɓi in rubuto ne don ni da kai ba mu taɓa gama waya ba sai ɗayanmu ya kashe wa ɗaya a kunne.

Maganar Baba ce. Ranar Lahadi da zai fita daga harabar coci ya ja da baya, ya kwashe akwatin wasiƙun fasto, bai ma san ya yi ba. Likitan ido ya gwada shi ya ce tuƙi ya ƙare. Na karɓe makullin a-kori-kurarsa, yanzu ba ya yi mini magana, sai dai ya gaya wa kare abin da yake so in ji.

Ka san gonar nan. Ko burodi mutum zai saya sai ya shiga mota, ga asibiti duk mako saboda ƙodarsa. Ni kuma ga aiki ga yara, Asabar kaɗai nake samun zuwa. Likita ya ce ko dai wani mai tuƙi ya zauna da shi kafin ƙanƙara ta sauka, ko a nema masa ɗaki a gidan tsofaffi. Mutumin da har yau yake kwana a ɗakin da aka haife shi!

Ba na son roƙonka, ka sani, amma ga shi ina yi. Yaya maganar lasisinka?

Ka huta lafiya. Yayarka,
Lorna

Dakota ta Arewa, 20 ga Yuni

Ranki ya daɗe, Yaya Lorna,

Ina gaisuwa da ladabi. Wasiƙarki ta iso, zan kuma sa ta a gilashi in rataye, don ban san yaushe za ki sake roƙona ba. Akwatin fasto kuwa dama a karkace yake tun muna yara, Baba taimakonsa ya yi.

Lasisina lafiya lau. Tun ranar da na tura motata cikin shingen makaranta a buge ban sake ko shinshina kwalba ba, kin sani ko ba ki faɗa. Sharaɗin da ya rage shi ne takardar nan ta SR-22, wadda kamfanin inshora ke ajiyewa a hukumar jiha don shaida cewa mashayin jiya yana da inshora. Shekara ukun za su cika a Nuwamba, daga nan in koma mutum kamar kowa.

Ki gaya wa Baba ina nan tafe ƙarshen Satumba, kuma zuwan zama zan yi. Na riga na sanar da shugaban aikinmu. Motata ma na sayar tun Maris, tunda bas ɗin kamfani ke kai mu aiki, in zan shiga gari kuma in ari ta abokina Rusty. Na huta da inshorar nan mai cin albashi kamar gara. A-kori-kurar Baba ta ishe mu, shi ya riƙa ba da umarni ni ina murza sitiyari.

Ki gaida yara da maigidan. Naki,
Wendell

Des Moines, 27 ga Yuni

Wendell,

Ina gaisuwa. Ka ce ka huta da me?

Ni na raka ka ofishin inshorar nan. Kai kana ta kallon takalminka don kunya, ni ce na saurari matar. Ta ce shekara uku ba yankewa, ko kana da mota ko ba ka da ita. Ta ce in ka sayar da motar akwai wata inshora ta wanda ba shi da mota, sai a mayar da kai kanta. Ta ce ranar da ka daina biya, ranar kamfani zai sanar da jiha. Har ta buga teburi da yatsa tana maimaitawa, kai kana "to, to".

Kada ka sake taɓa sitiyarin kowa sai ka bincika. Allah ya sa ni ce na ji ba daidai ba.

Yayarka,
Lorna

Dakota ta Arewa, 30 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da shirun, na rasa ta inda zan fara ne.

Daidai kika ji. Wasiƙarki ta same ni bayan mai afkuwa ta afku. A makon ne ɗan sanda ya tsayar da ni a motar Rusty saboda fitilar baya ta mutu. Har wasa nake yi da shi. Ya je motarsa ya duba, ya dawo fuska ba walwala, ya ce, "Malam, ka san an dakatar da lasisinka tun Afrilu?" Na ce, "Haba yallaɓai, ni da ko motar ba ni da ita?" Ya ce, "To, ai matsalar ke nan."

Shekaranjiya na tsaya gaban alƙali, wata dattijuwa. Na ce mata ban sha ba, ban yi gudu ba, ban taɓa kowa ba. Ta ce, "Na yarda da kai. Amma mu ba ma ganin zuciyar mutum. Abu ɗaya aka ce ka riƙe don mu san ko kana iya riƙe abu, ka sake shi." Tuƙi da dakataccen lasisi ga mai tarihi irin nawa, shekara guda ba sitiyari. Bayan shekarar kuma a sake lissafin shekara ukun daga farko.

Na so in ji haushinta, na kasa. Kwalbar da na fi tsoro ita na yi ta gadi dare da rana, ashe ta wata ƙofar ɓarawon zai shigo. Da na kira kamfanin don in soke inshorar, yarinyar ta ce, "Ka tabbata?" Na ce mata na tabbata, har ina jin kaina mai dabara.

Kada ki gaya wa Baba tukuna. Ko kuma ki gaya masa, ke kika fi sanin abin da ya dace. Raina a ɓace yake, Yaya.

Naki,
Wendell

Des Moines, 18 ga Agusta

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Na rubuta maka wata wasiƙa kafin wannan, na yaga ta, ka gode wa Allah.

Gaskiya ita ce shekara uku ina jiran ranar da za a kira ni a ce ka koma sha. Ba ka koma ba, ban kuma taɓa ce maka sannu ba. To, sannu.

Na gaya wa Baba ranar Asabar muna shan kofi. Ya ce, "Ya sha giya?" Na ce a'a. Ya ce, "To mene ne na kuka?" Ban ma san ina yi ba.

Na kawo masa mutum biyu masu zama da tsofaffi. Na farkon ya kore shi don ya kira shi "kaka", ta biyun ita ta gudu da kanta. Maƙwabta sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kowa na da nasa. Jiya na kai shi ya ga gidan tsofaffin. Ya shafa bango, ya zauna a kan gadon, ya tambayi ma'aikaciyar ko ana barin kare. Ba a bari. Da muka dawo gida, sai ya ce in bar masa takarda da alƙalami mai kauri, da adireshinka.

Ka kula da kanka. Yayarka,
Lorna

Gona, Satumba

Wendell ɗana,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙe, su nake gani.

Na sa hannu a takardar ɗakin gidan tsofaffin. Ba wanda ya tilasta ni, kada kuma ka ɗora wa kanka. Zan koma can farkon Nuwamba. Karen zai zauna wurin yaran Lorna.

Lorna ce take neman direba. Ni ban aika a nemo mini direba ba.

Masara ta kusa bushewa, kuma ita ce ta ƙarshe da zan girba. Injin girbi ba ya tambayar lasisi a cikin gonata. Ka hau bas ka zo. Zan zauna a gefenka, ka riƙa gaya mini yadda ta yi bana.

Mahaifinka,
Arvid Hovland