Kujerun Gaba

Guangzhou, 30 ga Janairu, 2008

Zuwa ga mijina, Baban Jabir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Jabir da Hajiya. Yaya ƙafar tata? Ni lafiya lau, sai sanyi. Su kansu 'yan garin cewa suke ba su taɓa ganin irin na bana ba.

An yi hutun sabuwar shekarar Sinawa, jami'a ta watse, an bar ni da 'yan matan nan namu da nake kula da su. Saudat ce ke damuna, 'yar Maraɗin nan mai karatun likita. Mahaifiyarta ta rasu watan jiya. Kafin labari ya iso ta an riga an kai ta makwancinta, jarrabawa kuma ta hana ta tafiya. Ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Ba ta cin abinci, ta haɗa akwatinta, ta ce ta bar karatun. Saura mata shekara ɗaya fa! Na yi nasiha har bakina ya gaji.

Abokiyar karatuna A Ling ta gayyace mu ƙauyensu kallon wasan kwaikwayon da suke yi duk sabuwar shekara. Da kyar na shawo kan Saudat za ta bi mu, ko iska ta sha.

Matarka,
Ummu Salma

11 ga Fabrairu

Baban Jabir,

Da fatan kun yini lafiya. Ka sumbatar mini Jabir. Mun dawo, kuma akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai kai.

Ƙauyen yana tsakiyar kududdufan kifi, kowace ƙofa da jar takarda. Sun kafa dandalin gora a gaban ɗakin tunawa da kakanninsu. Da la'asar muka isa, wuri ya cika, tsofaffi ma a tsaye, amma layin gaba ba kowa, an lulluɓe kujerun da jan ƙyalle. A Ling ta tafi ɗauko kakarta. Mero, ɗaya daga cikin 'yan matan namu, ta ce mu ga mutanen kirki, sun keɓe wa baƙi wuri. Muka gyara mayafi muka zauna kamar manyan baƙi a walima.

Sai kowa ya juyo yana kallonmu. A Ling ta zo da gudu, ta raɗa mini cewa kujerun matattunsu ne, su ake fara gayyata kowace shekara. Ni da Mero muka zabura muna ba da haƙuri. Saudat ba ta motsa ba, ta ƙura wa kujerar da ke gefenta ido. Kakar A Ling ta tambayi abin da ke damun yarinyar. Da aka gaya mata, ta ce a ƙyale ta, ta kawo shayi a ɗan kofi ta ajiye a kan kujerar nan ta gefe.

Al'adarsu ce kafin a fara wasa kowane gida ya wuce ta gaban kujerun ya rusuna. Haka suka yi ta wucewa ta gaban Saudat, gida bayan gida. Sai na ga ta ja mayafi ta rufe goshi, ta sunkuyar da kai, duk wanda ya rusuna tana ce masa da godiya, Allah ya ba da lada. A nan na gane yarinyar nan ba wanda ya taɓa zuwa ya yi mata gaisuwar mutuwa. Ta fashe da kuka, gangunansu suka rufe muryarta. Ban san me aka yi a wasan ba.

Ga abin da ya tsaya mini. Da na je tashinta, na dafa kujerar gefen, sai na ji ta da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi. A cikin wannan sanyin! Na yi a'uziyya. Na san mamaci ba ya dawowa, kai ma ka san na sani. Wataƙila ɗumin shayin ne.

Taka,
Ummu Salma

25 ga Fabrairu

Baban Jabir,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, ina kuma yin addu'o'in da ka ce.

Ranar Juma'a mun yi wa Saudat zaman gaisuwa irin namu a gidan abincin Hajiya Maidaji da ke unguwar Dengfeng. 'Yan kasuwar Kano da na Nijar suka rufe shaguna suka zo, aka yi wa mamaciyar addu'a. Saudat ta ci tuwo har da ƙari. Jiya ta kwance akwatinta, yau ta shiga aji. Alhamdu lillahi.

Sai dai ɗakin ya cika, mutane har bakin ƙofa a tsaye, amma kujerar da ke gefen Saudat ba wanda ya zauna a kai har aka tashi. Na tambayi Hajiya Maidaji, ta ce ita ba ta hana kowa ba. Na tambayi Saudat, ta ce ta zaci ni ce na keɓe ta.

Wannan karon ban dafa ba.

Ka gaida Hajiyarmu ta gida, ka ce ta kula da kanta har in dawo.

Matarka mai kewarka,
Ummu Salma