Adaftar da Baba ya juya

Camagüey, 9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Reinier,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Odalys da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa zafin Montevideo ya sassauta muku. Mu nan lafiya lau, ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma fita karɓo burodi da kanta don ta sami na gulma a layi.

Yaya, abin da ya sa na rubuto ba mai daɗi ba ne, na kasa faɗa maka a waya. Faifan ajiyar kwamfutar nan da ka tara mana muryar Baba a ciki, waƙoƙin da yake ƙagowa nan take a wajen biki da hirarsa ta ƙarshe, ya ƙone, kuma a hannuna. Mama ce ta ce tana so ta ji shi ranar da zai cika shekara da rasuwa. Na nemi adaftar da ke ba shi wuta na rasa, sai na jawo kwalin Baba, ka san shi, ko wayar da ta mutu ba ya yarwa, na samu wata adafta a ciki. Wallahi ban yi garaje ba. Na bi abin da ka koya mini: ƙarfin wuta bolt goma sha biyu daidai da na faifan, amfiya, wato yawan wutar, ta fi abin da yake buƙata, ɗan zanen jikinta ya nuna wayar fositif ce a tsakiyar baki, bakin kuma ya shiga cif. Ina jonawa na ji ƙas, sai ƙauri.

Na kai wa Osmany mai gyara na bayan kasuwa. Ya warware baƙin salatif ɗin da ke naɗe a tsakiyar wayar, ya auna. Ashe Baba ya taɓa yanke ta ya juya wayoyin biyu don tsohuwar rediyonsa, wadda take son negatif a tsakiya, bai kuwa rubuta a jiki ba. Osmany ya yi mini faɗa, wai a garin nan wa yake yarda da rubutun jikin adafta bai auna ba, bayan kowace ta bi ta hannun mutum uku. Ya ce allon wutar da ke cikin faifan ne ya tafi, wataƙila muryar tana nan, amma sai an samo allo irinsa sak. Na rubuta maka lambar allon a bayan takardar nan. Don Allah ka duba can, shi dai Osmany bai ba ni tabbas ba.

Kwana huɗu ina ɓoye wa Mama, ina cewa matsalar kwamfuta ce. Jiya muna tsince baƙin wake ta ce, ba ta ko ɗago kai ba:

“Ke Idalmis, bar wahalar da kanki. Shekara arba'in ina shaƙar ƙaurin nan a gidan nan, tun daga kicin na san aikin ubanki ne.”

Ta yi dariya har da riƙe ciki, daga nan ta kifa kai a kan tiren. Ban taɓa jin ta yi kuka irin wannan ba, ko ranar da aka binne Baba.

Ka gaishe da Odalys, da Yanet da ƙaramin Evelio. Goggo Mirta tana gaishe ka. Ranar Lahadi ne cikar shekarar, Mama ta ce ka kira, ko muryarka ta ji.

Ƙanwarka,
Idalmis