Yayar da Nake Wa'azi da Ita

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Ya jikin Maigida? Ya yara? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, abin da zan faɗa miki ba na alfahari ba ne. Shekara huɗu ke nan ina wa'azi da ke. Duk ranar da zan yi magana a kan haƙuri cikin wahala, sai in ce wa jama'a: "Ina da yaya, mijinta kafinta ne, ya faɗo daga saman rufi, tun daga nan bai ƙara motsa ƙafa ba. Ita ke juya shi, ita ke masa wanka, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar Allah dalili ba." Mata su yi ta share hawaye, ni kuma in sauko daga mumbari ina ganin na yi aiki.

To, akwai wata mai ɗinki a ikilisiyarmu, 'yarta na fama da sikila. Wata uku ba ta zo sujada ba, sai na bi ta shago ranar Talata. Ko tsayar da keken ba ta yi ba, ta ce, "Fasto, ni ba irin yayarka ba ce. Ni haushin Allah nake ji. Idan na shiga majami'a sai in ga kamar ƙazanta na shigo da ita."

Ni na kore ta da bakina. Sai a lokacin na tuna ban taɓa tambayarki ko abin da nake faɗa gaskiya ne ba. Sau biyu na zo gidanki tun faɗuwarsa, duka biyun ban wuce falo ba, don na kasa jure warin ɗakin. Kunya ta ishe ni. Ki faɗa mini yadda kika yi, ko na samu abin da zan kai mata.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Mun amsa gaisuwa. Maigida yana nan yadda ka bar shi, in ma kana tuna yadda ka bar shi.

Ashe yawo ake da ni a mumbari ban sani ba! Kai dai tun kana yaro ba ka iya ba da labari ba sai ka ƙara masa gishiri. Wa ya ce maka ban tambayi Allah dalili ba? Wata takwas cur ban yi addu'a ba. Ranar da na ga gyambo ya ɓulla a bayansa, duk da juyin da nake masa kowane awa biyu, na fita wajen igiyar shanya na faɗa wa Allah maganganun da ko maƙiyina ban taɓa faɗa wa ba. Akwai kuma safiyar da na tsaya a bakin ƙofa da bokitin ruwa, na ce a raina da zai mutu da na huta. Ya gani a fuskata. Ya ce, "Yi haƙuri, na daɗe." Har gobe maganar nan tana cina.

Bangaskiyar da ta rage mini ba ta da kyan gani, Auta. Ba don na iya haƙuri na koma wurin Yesu ba. Na koma ne don na rasa wanda zan faɗa wa abin da na yi tunani a bakin ƙofar nan, ya ji, bai kore ni ba. Kai da ka yi karatun abin, ba ka nan.

Ka kai wa matar nan takardata ta karanta da idonta. Kada ka gyara ko kalma ɗaya, na san halinka.

Allah ya tsare,
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa, kaina a ƙasa.

Ba zan ɓoye miki ba, a hanya na so in naɗe wajen maganar bokiti don kada ta gani. Ban yi ba. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune, ta rufe fuska da yadin da take ɗinkawa. Da ta ɗago ta ce, "Ashe ba ni kaɗai ba ce." Ba ta ce za ta dawo sujada ba, ni ma ban tambaya ba. Ta dai roƙi in bar mata takardar.

Ranar Lahadi na faɗa wa jama'a cewa labarin yayata ni na ƙawata shi, kuma na ɗora musu kayan da ko ɗan yatsa ban taɓa sa musu ba. Wani dattijo ya ce ban kyauta wa mumbari ba. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, shekara huɗu ina ambaton Maigida a gaban mutane, ban zauna kusa da shi minti goma ba. Ki yafe mini. Kina ganin zai yarda ya gan ni?

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Na karanta masa takardarka. Ya tambaya ko har yanzu kana da ƙarfi a hannu.

Ka zo Asabar da ƙarfe bakwai na safe, lokacin wanka. Ni kafaɗu, kai ƙafafu. Ka sa tsohuwar riga. Nawa na yafe. Nasa kuma, ka tambaye shi da bakinka.

Yayarka